KATIN KUƊI DA ASUSUN INTANET: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira, mutanen karkara irin na ƙasar Tsanyawa suka fara sabawa da biya ta waya. Yanzu manomi ya kan zo ofishin Hakimi da kati a hannu, yana so a biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa ta Remita, ko a haɗa katin da asusunsa na OPay. Da yawansu ba su yi boko ba, saboda haka aikin ya kan faɗo wa malamin Hakimi. Lalle ne ya san yadda abin yake.

Katin da ake nufi shi ne wanda a kan zuba wa kuɗi tukuna, kāna a kashe. Kamar guzurin matafiyi yake, watau abin da aka sa a ciki shi kaɗai za a ci. Ba ya taɓa ajiyar mutum ta banki, ba ya kuwa jawo bashi. In mutum ya sayar da gyaɗa ta naira dubu 400, abin biya kuwa dubu 30 ne, to, dubu 30 za a zuba, da ɗan ƙari domin ladan banki. Ko da ɓarawo ya sami lambar, iyakar ɓarnarsa ke nan.

Haɗawar ba ta da wuya. A kan rubuta doguwar lambar fuskar katin, da wata da shekarar ƙarewarsa, da alƙaluma 3 na bayansa. Sa'an nan banki ya aiko da wata lamba ta wayar mai katin, wadda ake aiki da ita sau ɗaya tak.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Tun 2014 aka fara ba masu ajiya lambar BVN mai alƙaluma 11, kuma sunan da ke kanta shi ake bi. Wanda aka rubuta Muhammadu a wuri ɗaya, Mamman a wani, yana iya shan wahala kafin a yarda mutum ɗaya ne. Sai malami ya duba takardun tun kafin ya fara.

Abu mafi nauyi kuwa shi ne amana. Malamai sun saba da shigar da kome a littafi, halin kirki ne, amma ban da nan. Kada a rubuta lambar kati ko lambar sirri a littafin ofis, kada a ɗauki hoton katin. Mai shi ne zai danna lambar sirrinsa da yatsansa, malami ya kau da kai. In daga baya kuɗi suka salwanta, wanda ya riƙe katin shi za a fara zargi, sunan Hakimi kuma ya shiga ciki.

Hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su sanar a masallatai da ranar kasuwa, cewa banki ba ya bugo waya ya nemi lambar sirri. Wanda katinsa ya ɓata ya nemi a rufe shi a ranar, kada ya jira sai ya shiga Bichi ko Kano.