Ciwon Rai a Ƙasar da Ba a Jin Hausa

Ko da yake tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 Allah ya yalwata wa ƙasar Kura da Bunkure ni'imar noman rani, daga shinkafa da alkama har tumatirin Kadawa, wannan bai hana 'ya'yanmu fita ba, waɗansu neman halal a Jidda da Libiya, waɗansu ɗalibta a Masar da Ingila. A aikina na jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, abin da ya fi sosa mini rai game da waɗanda ake dawowa da su ba lafiya shi ne, galibinsu sun ga likita a can, amma ba a fahimce su ba.

Dalili kuwa shi ne, Bahaushe in baƙin ciki ya yi masa katutu ba ya ambatonsa, sai ya ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa. Likitan da bai san al'adarmu ba sai ya auna jini, ya ga lafiya lau, ya sallame shi, alhali cutar tana nan. Sanin wannan cuta ba baƙon ilimi ba ne a Musulunci, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen musabbabi da wanda ke saukowa ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar magani.

Saboda haka wanda ke baƙunci ya nemi mai jin harshensa, in bai samu ba ya roƙi tafinta, wanda asibitocin gwamnatin Ingila ke bayarwa kyauta. Amma ina gargaɗi ƙwarai, kada tafintan ya zama ɗan'uwa ko ɗan garinku, gama kunya za ta sa a ɓoye ainihin abin da ya kamata likita ya ji, musamman tunanin halaka kai.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ya rage kiran waya, ko maganarsa ta sauya, kada ku fara da tambayar kuɗin taki. Ku tambayi barcinsa da cin abincinsa. Ku yi masa addu'a, in ya dawo kuma ku kai shi asibitin Dawanau ko sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a saurare shi da Hausa.