Karanta Tafiyar Farashin Hannun Jari: Darasi Daga Kamfanin Hayar Tufafi na Amurka

Hanya biyu ce masana ke bi wajen auna hannun jari. Ta farko ita ce duba littattafan kamfani: cinikinsa, ribarsa da bashinsa. Ta biyu kuwa ita ce nazarin zanen farashi, watau bin sawun yadda farashi ya hau ko ya sauka a baya, domin kintatar inda ya dosa. Wannan darasi a kan ta biyun yake.

Kamfanin da Aka Ɗauka Misali

An kafa Rent the Runway a shekarar 2009, ofishinsa kuma yana birnin New York. Sana'arsa ita ce ba mata hayar tufafi masu tsada, su sa, su mayar. A watan Oktoba na 2021 ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, inda aka sayar da kowane hannu dala 21. Kafin ƙarshen 2023 farashin ya faɗi ƙasa da dala 1.

Abubuwa Uku da Ake Dubawa

1. Alkibla. In kowace hawa ba ta kai wadda ta gabace ta ba, kowace faɗuwa kuma ta zarce ta baya, to farashi yana gangara ke nan.

2. Matsakaicin farashi. Ana tara farashin rufe kasuwa na kwana 50 ko 200, a raba da yawan kwanakin. Muddin farashin yana ƙasa da matsakaicin kwana 200, ana ɗauka gangarar ba ta ƙare ba.

3. Yawan ciniki. Hawan da masu saye kaɗan suka jawo ba kasafai yake daɗewa ba.

Inda Ake Yaudaruwa

Ƙa'idar Nasdaq ita ce kada farashi ya daɗe ƙasa da dala 1. Saboda haka a watan Afrilu na 2024 kamfanin ya haɗe kowane hannu 20 ya zama ɗaya. Farashin ya ninku sau 20 a allo, amma dukiyar mai jari ba ta ƙaru da ko kwabo ba: mai hannu 200 ya koma mai 10. Bisa sabon lissafin, dala 21 ta 2021 daidai take da dala 420. Wanda bai san wannan ba, sai ya ga dala 8, misali, ya zaci jarin ya kusa farfaɗowa, alhali ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin farko bai kai ba.

Gargaɗi

Zane abin da ya wuce yake nunawa, ba alkawarin gobe ba ne. Ya wajaba mai niyyar zuba jari ya haɗa shi da binciken riba da bashin kamfani, ya yi hulɗa da dillali mai rajista da Hukumar Kula da Hannun Jari ta Ƙasa kaɗai, kuma kada ya sa kuɗin cefane ko na makarantar yara. Rigakafi ya fi magani.