Darasi: Gemu da Gashin Baki ga Mace



Ya ke ƴar uwa, ki sani cewa Allah Ya sanya wa jikin mace ɗan kaɗan daga sinadarin da ke tsiro wa namiji gemu, wanda likitoci ke kira testosteron. Idan ya yi yawa, ko kuwa saiwar gashinta ta cika saurin amsa masa, sai gashi mai kauri ya fito a haɓa da leɓen sama, wani lokaci har ƙirji. Wasu su ce alamar arziki ce, wasu su ce mugun hali. Duka zancen banza ne.

Mafi yawan lokaci sanadin shi ne wani ciwo na mazaunin ƙwan haihuwa, wanda likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Ƙwan ba ya nuna ya fita kowane wata yadda ya kamata, saboda haka haila takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Sau da yawa akwai ƙuraje a fuska, da ƙiba, da duhun fata a bayan wuya wanda sabulu ba ya fiddawa. Haihuwa takan yi jinkiri, ciwon sukari kuma yana kusa. Abin tausayi, mace sai ta shekara goma tana tsige gashi a ɓoye, dangin miji suna yi mata gorin haihuwa, alhali tushen abu biyun ɗaya ne, kuma a asibiti ana taimakawa da magani da rage ƙiba.

Akwai na gado, akwai na bayan ɗaukewar haila. Waɗannan da sauƙi. Akwai kuma wanda mace ke sayo wa kanta: ƙwayoyin ƙiba irin dekzametazon, da mayukan canza launin fata masu sinadarin kortizon.

Game da cire shi, ba laifi. Imam Nawawi ya ce mustahabbi ne, malaman Malikiyya kuwa wajibi suka ce. Aski ba ya ƙara masa kauri, tsinin da reza ta bari ne ake ji.

Amma idan gashin ya taso da sauri cikin ƴan watanni, murya ta yi kauri, gaban kai ya fara sanƙo, to kada a jira. Yana iya zama ƙari ne a mazaunin ƙwai ko a ɗan ƙullutun da ke bisa ƙoda, kuma gwajin jini da hoton ciki ne ke nuna shi.