Kafin Ka Yarda da Tazarar da Ka Gani a Taswira

Mai shirin tafiya ƙuryar arewacin Alaska a Amurka, kada lambar da intanet ta nuna maka ta ruɗe ka. Tsakanin filin jirgin Deadhorse da na Utqiagvik, wanda a da ake kira Barrow, kilomita 330 ne ko kusa da haka. Sai mutum ya ce ai tafiyar wuni guda ce a mota. Ina! Wannan awon sama ne, a miƙe. Babu titin da ya haɗa Utqiagvik da sauran Alaska, hanyar Dalton ma a Deadhorse ta tuƙe.

Da farko ka duba da me aka auna. Mil na ƙasa kilomita 1.6 ne, na matuƙa jirgi kuwa 1.852.

Sannan ka karanta tikitinka da kyau, domin yana iya zagayawa da kai ta Anchorage, can kudu, gajeriyar tafiya ta cinye maka yini.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayi. Hazo da guguwar ƙanƙara kan hana jirgi sauka, kuma daga tsakiyar Nuwamba rana ba ta fitowa a Utqiagvik har kusan ƙarshen Janairu. Ka bar kwana ɗaya ko biyu na rara, maganinka da rigar sanyinka kuma su kasance a jakar hannu.