DARASIN LISSAFI: RABO DA KASHI CIKIN ƊARI A AJI SHIDA

A wannan fitowa za mu duba sassa uku na lissafin da ake koya wa ƙannenmu a aji shida na firamare. Tun gyaran tsarin ilmi da aka yi a Gana a 1987, daga wannan aji yaro ke wucewa ƙaramar sakandare, inda jarrabawar BECE ke jiransa bayan shekara uku. Wanda ya bar aji shida bai iya rabo ba, aljabara za ta gagare shi. Mu yayyensu kuwa, wannan lissafi shi ne muke buƙata a kasuwa, da wajen zakka, da ranar rabon gado.

Na ɗaya: rabo

Sunayen ba baƙinmu ba ne, mun ji su a makarantar allo: rabi 1/2, sulusi 1/3, rubu'i 1/4, sudusi 1/6, sumuni 1/8, ushuri 1/10. Lambar ƙasa tana gaya mana gida nawa aka raba abu, ta sama kuma nawa aka ɗauka. Don haka sumuni bai kai sudusi ba, ko da yake 8 ta fi 6.

Ba a tara rabo biyu sai lambobin ƙasa sun zama ɗaya. Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya, ba wani magaji. Bayan biyan bashi da wasiyya, sidi 48,000 suka rage. Mata tana da sumuni, mahaifiya sudusi, saura na ɗa ne. Sai mu nemi ƙaramar lamba da 8 da 6 za su raba ba saura, wato 24. Sumunin 24 shi ne 3, sudusinta 4, sun zama 7, saura 17. Mu raba 48,000 gida 24, kowane gida 2,000. Mata ta sami 6,000, mahaifiya 8,000, ɗa 34,000. In mun tara su sai mu ga 48,000 cif. Wannan 24 ita malamai ke kira asalin mas'ala. Hukuncin wanda zai gada na malamai ne, amma wanda ya iya wannan zai gane abin da aka yi a gabansa, zargi ya ragu tsakanin dangi.

Na biyu: kashi cikin ɗari

Wannan ma rabo ne, sai dai lambar ƙasa kullum 100 ce. Zakkar kuɗi rubu'in ushuri ce, wato 1/40, ko kashi 2.5 cikin ɗari. Wanda ke da sidi 20,000, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo, sai ya raba su gida 40, ya fitar da 500.

A wajen riba ne yara ke yawan faɗuwa. Wata uwa a kasuwar Nima ta sari kaya sidi 80, ta sayar 100. Riba 20 ce, amma ba kashi 20 ba. Ana auna riba da uwar kuɗi: 20 cikin 80 rubu'i ne, wato kashi 25. Haka nan in kayan sidi 100 suka hau da kashi 20, sun zama 120. In aka rage kashi 20 daga baya, 24 za a ɗebe, su koma 96, ba 100 ba.

Na uku: rabon tarayya

Abokai biyu a Aboabo sun haɗa jari, ɗaya 3,000, ɗaya 2,000, sun yarda a raba riba gwargwadon jari. Jarin ya zama 3 da 2, gida 5 ke nan. Suka sami riba 1,500, kowane gida 300. Na farko ya ɗauki 900, na biyu 600.

Kada wani ya ce mana wannan ilmi na wasu ne. Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin a kan lissafin wasiyya da gado yake. Malam Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi daga Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Aikin gida

1. Tara 2/3 da 1/6.
2. Nawa ce zakkar sidi 36,000?
3. An sari turmin atamfa sidi 250, an sayar 300. Kashi nawa ce ribar?
4. Raba sidi 2,800 tsakanin mutum biyu, ɗaya gida 4, ɗaya gida 3.

Muna roƙon kowannenmu ya zaunar da ƙaninsa ko ƙanwarsa bayan sallar Magariba, su yi waɗannan tare, yaron na riƙe da alƙalami, ba yayan ba. Amsoshi sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Wassalam.