Darasi na Tara: Kwamfutar Tebur da Yadda Ake Kashe Ta

Duk wanda ke cikin ajin nan yana riƙe da wayar hannu. Kun san yadda ake shiga WhatsApp a fito, kun san inda hotuna suke, wasunku har kuɗi suke turawa ba su taka ƙofar banki ba. Yawancin abin da ke cikin kwamfutar tebur kun riga kun gan shi a waya, suna ne kawai ya bambanta, don haka sunayen nan za mu bi su da sauri. Inda za mu daɗe wuri ɗaya ne: kada a yanke wa kwamfuta wuta tana kunne. Kada a zare wayarta daga bango, kada a kashe soket, kada a danne maɓallin wuta har ta mutu. Tana da hanyar da ake kashe ta, kuma hanyar ba ta cin minti ɗaya.

Babbar manhaja

A cikin kowace waya akwai babbar manhaja wadda ita ke fara tashi idan an kunna, ita ke ba sauran manhajoji wurin aiki, ita ke kula da allo da sauti da ma'ajiya. A yawancin wayoyinmu sunanta Android. Kwamfuta ma tana da tata. Wadda za ku fi gani a ofis da makaranta da shagon buga takardu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Ta fara fitowa a 1985, ana ta sabunta ta: Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021. Kwamfutocin kamfanin Apple suna aiki da macOS. Akwai kuma Linux, wadda kyauta ce, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara ta a 1991. Mu a nan Windows za mu bi.

Idan ta gama tashi, filin da ya cika allo shi ake kira destof. 'Yan hotunan da ke jere a kansa su ne aikon, kowanne ƙofa ce ta shiga wata manhaja ko wani aiki. Abin da kake turawa da hannu a kan tebur shi ne linzami, masu shago na ce masa maus, kuma kibiyar da ke yawo a allo ita ke nuna inda ya kai ka. Danna sau ɗaya zaɓe ne, danna sau biyu da sauri buɗewa ne, danna ɓangaren dama kuma yana fito da jerin abubuwan da za ka iya yi. Duk abin da ka buɗe yana fitowa a cikin taga mai kusurwa huɗu. A samanta ta dama akwai alamomi uku: ɗan layi yana sauke tagar ƙasa, ɗan akwati yana faɗaɗa ta, alamar X tana rufe ta. Doguwar sandar da ke ƙasan allo tana nuna abin da ke buɗe da agogo, kuma a jikinta maɓallin Start yake, a hagu a Windows 10, wajen tsakiya a Windows 11. Ku riƙe wurin Start ɗin nan da kyau, domin ta nan ake kashewa, ba ta bango ba.

Wasiƙa ɗaya, ko hoto ɗaya, ko lissafi ɗaya, shi ne fayil. Folda kuma wurin tara fayiloli ne a ƙarƙashin suna guda. Abin da ka goge yana faɗawa kwandon shara da ke kan destof, za ka iya dawo da shi muddin ba a zubar da kwandon ba. Waɗannan duk hannu ne zai koya muku su cikin kwana biyu.

Dalilin da ya sa ba a yanke mata wuta

Kwamfuta tana da wurin riƙo iri biyu. Ɗaya sunansa ram, a nan take shimfiɗa duk aikin da kake yi a yanzu. Yana da sauri ƙwarai, amma da wuta yake riƙe abu. Wuta na yankewa, abin da ke cikinsa ya tafi. Ɗayan shi ne had dis, ma'ajiyar dindindin, wadda ke riƙe abu ko babu wuta. Kowace mace a ajin nan ta san bambancin hatsin da aka shanya a tabarma da wanda ke cikin rumbu. Ram ita ce tabarmar, had dis shi ne rumbun. Yin sebin, wato danna maɓallan Ctrl da S tare, shi ne kwashe shanya a kai rumbu. Kashe kwamfuta ta Start kuwa ba ta lokaci ne ta kwashe tata shanyar, domin ita ma babbar manhajar tana da abubuwan da ta shimfiɗa waɗanda kai ba ka gani. Mai zare waya daga bango ya fizge tabarmar ne da hatsi a kai.

Ɓarnar kashi uku ce. Abin da ba ka yi wa sebin ba ya ɓace. Fayil ɗin da take cikin rubutawa a daidai lokacin yana iya lalacewa, rabi ya shiga rabi bai shiga ba, ya ƙi buɗuwa. Mafi muni, idan ita Windows ɗin ce take sabunta kanta aka yanke wutar, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. A lokacin sabuntawar ma takan rubuta a allo ƙarara cewa kada a kashe ta. Ga tsofaffin kwamfutocin da suka fi yawa a gidajenmu, had dis ɗinsu faifai ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai rubutu a kansa. Sababbin ma'ajiya da ake kira SSD ba su da abin da ke juyawa, amma su ma fayil na lalacewa a cikinsu idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Tsohuwa ce ko sabuwa, kada a yanke mata wuta.

Abin da ya faru a wani gida

A layinmu wani magidanci ya sayo kwamfutar tebur ta hannu saboda 'yarsa ta fari za ta zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Ya kyauta, Allah ya saka masa. Uwargidansa uwar adashi ce, mata sama da ashirin ke zubi a hannunta duk Juma'a. Littafin lissafinta ya tsufa, ruwan damina ya taɓa shi, sai yarinyar ta ce bari ta mayar mata da shi cikin kwamfuta.

Bayan sallar isha'i aka kawo wuta, gida ya kaure da murna. Uwa na karanto suna, 'ya na bugawa. Hajiya, mahaifiyar maigida, na kan dadduma da carbinta amma kunnenta na wurinsu, can sai ta ce, "A'a, ba ita ta kwasa a watan Rajab ba, kishiyarta ce, gyara." Sun yi nisa sosai sai ga maigida ya shigo da waya a hannu, cajinta ya kusa ƙarewa. Soket ɗaya ne a falon. Ya sunkuya.

"Baba, don Allah dakata, ban yi sebin ba!"

Kafin ta rufe baki allo ya yi baƙi.

"Minti biyar kawai zan sa," in ji shi. "In na gama ki mayar."

Uwargida ta ajiye littafin a cinya. "Haba Malam! Tun da aka idar da salla muke kan abin nan. Ko tuwo yarinyar nan ba ta ci ba."

"To ai yana ciki. Ina zai je? Akwati ne a rufe."

Hajiya ta ɗago kai. "Kai dai tun kana yaro ba ka iya jira ba. Ga soket a ɗakina, me ya hana ka zuwa can?"

Autan gida da ke kwance a gefe ya ce, "Hajiya, ni ma haka nake kashe ta kullum in na gama wasan mota. Ba ta taɓa yin komai ba."

Yayar ta juyo ta dube shi, idonta ya ciko da ƙwalla. Da aka mayar da wuta, sunaye bakwai na farko kaɗai suka tarar, su ne ta yi wa sebin tun da fari. Washegari suka sake daga nan, suka gama, uwargida ta ji daɗi har ta daina rubutawa a littafi. Amma halin gidan bai sauya ba. Uba na zarewa, auta na zarewa, har ita uwargidan in za ta sa dutsen guga takan zare. Bayan 'yan watanni, wani dare kwamfutar na sabunta kanta aka zare, da safe ta ƙi tashi. Aka kai wa mai gyara, shi kuma bai tambayi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki ba, su ma ba su faɗa ba, ya yi mata fomatin, wato ya share komai ya zuba sabuwar Windows.

Ranar Juma'a mata suka cika tsakar gida. Biyu daga cikinsu kowace ta rantse ba ta kwasa ba, babu littafi, babu fayil. Aka yi ta cacar baki har makwabta suka leƙo. A ƙarshe uwargida ta sayar da tunkiyarta ta biya, don ta tsira da mutuncinta. Matar da ta shekara da shekaru ana ba ta amana ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta zauna tana kuka a gaban 'ya'yanta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne duk layin sun ji labarin nan, amma har gobe akwai mai shago a bakin titi da ke tashi da yamma ya kashe janareta da kwamfutoci uku a kunne, da takardun mutane a ciki. In ka yi magana ya ce shi ya daɗe yana yi bai ga komai ba. Haka autan gidan can ya ce. Ɓarnar ba kullum take fitowa ba, shi ya sa mutane suke raina ta, amma ranar da ta fito ba ta tambayar ko sau nawa ka tsira a baya. Wanda ya karɓi aikin mutane ya zuba a kwamfuta, amana ya karɓa.

Yadda ake kashewa

Ka yi sebin ɗin aikinka. Ka rufe tagogi da alamar X. Ka danna Start, ka danna alamar wuta, wato da'ira mai ɗan layi a samanta, ka zaɓi Shut down. Sai ka jira. Ka jira allo ya yi duhu, fitilar jikin akwatin kwamfutar ta mutu, ƙarar fanka ta tsaya. Sannan ne kaɗai hannunka zai je bango. A wurin za ka ga Restart, wannan kashewa ce da sake tashi nan take. Za ka ga Sleep, wannan barci ne kawai, aikinka na nan a ram tana riƙe da shi da 'yar wuta kaɗan, don haka mai barci ma ba a zare mata waya. Kashe maɓallin allo kuma ba kashe kwamfuta ba ne, akwatin na nan yana aiki.

Na san abin da za ku ce: mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama fa? Gaskiya ne, wannan ba laifinku ba ne. Amma tun da wadda ba mu da iko a kanta tana yi mana ɓarna, bai kamata mu ƙara da hannunmu ba. Ku saba da Ctrl da S, duk 'yan layuka ku danna. Manhajar rubutu ta Word takan ajiye wani kwafi da kanta duk minti 10, wani lokaci ta ceto maka wani abu, amma kada ka dogara da ita. Wanda ya samu hali ya sayi UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta. Mintocin nan na yin sebin da kashewa ne, ba na ci gaba da aiki ba. Mai janareta kuma ya fara kashe kwamfuta kafin ya kashe inji, kuma ya riƙa duba mai. Abu mai muhimmanci, irin lissafin adashi ko takardun makaranta, a yi kwafinsa a filash, wato ƙaramar ma'ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, a ajiye daban. Shi ma filash ɗin ba a fizge shi: a ƙasan allo kusa da agogo akwai alamarsa, a danna, a zaɓi Eject, sannan a zare. Ku sani kuma abin da aka goge daga filash ba ya zuwa kwandon shara.

Saura idan kwamfutar ta daskare, kibiya ta ƙi motsi. Ka ba ta 'yan mintoci tukuna, sau da yawa aiki ne ya yi mata yawa. In ta ƙi, ka danna Ctrl da Alt da Delete tare. A ƙasan allon da zai fito akwai alamar wuta, ka kashe ta nan. Sai in wannan ma ya ƙi ne za ka danne maɓallin jikin akwatin na 'yan daƙiƙoƙi har ta mutu. Wannan na ranar da babu wata hanya ne, ba na kowane dare ba.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya buɗe folda da sunansa, ya rubuta layi uku a fayil, ya yi sebin a cikinta, ya kashe kwamfutar ta Start, ya sake kunnawa ya nemo fayil ɗin. Wanda ke da kwamfuta a gida ya tara mutanen gidan, har da maigida da yara, ya nuna musu inda Shut down yake. In soket ɗaya ne a ɗakin, a sayo mai baki da yawa domin mai cajin waya ya samu nasa.