Idan An Ɗauke Wuta

Kafin ka fara tsine wa 'yan NEPA, leƙa waje tukuna. In gidan maƙwabci da haske, matsalar taka ce: duba fis, ko kuɗin mita ne ya ƙare. In layin ne duka ya yi duhu, sai haƙuri. In fis ɗin taransifoma ne ya tsinke, aikin yini ne. In kuwa ita ce ta ƙone, ana iya shafe makonni.

Cire filogin firji da talabijin nan take. Dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona kaya, ni ma fanka biyu ta ci min. Riƙa daskarar da gorunan ruwa tun da wuta, kuma a daina buɗe firji barkatai. Janareta kuwa a tsakar gida, nesa da taga. Hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Batun gyara, kada ku yi saurin haɗa karo-karo. A ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, sauya taransifoma haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne. Ku kai ƙorafi a rubuce, mai unguwa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. In shiru ya yi yawa, ku ɗauki kwafin nan zuwa ofishin NERC.